Bazazzagi Ya Ga Katin Kowa, Ya Zama Gwani

Bazazzagi bawan Kanawa, gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Labari ya iso mini cewa tun da ka kalli tsohon bidiyon nan na gasar foka ta duniya ta 2003 ka hana mutanen Tudun Wada sakat. Wai Sam Farha ragon maza ne. Wai da kai ne a kujerarsa ko ƙiftawa ba za ka yi ba, amsawa za ka yi ka kwashe tulin. Kai ɗin? Kai da in ɗan acaɓa ya ɗaga maka murya a Kwangila sai ka biya shi ka bar masa canji, har da yi masa addu'ar sauka lafiya?

Kafin ka naɗe takardar nan ka ruga da ita wurin 'yan Hisba, ka sani ban taɓa zama teburin caca ba, kuma na san kai ma ba ka taɓa ba, ko da yake naka ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da maƙo. Caca haramun ce, ba mu da ja. Mutum 839 ne suka biya dala 10,000 kowannensu a waccan gasar, 63 kaɗai suka fita da wani abu, sauran 776 suka koma gida da labari. Wannan ya ishi mai hankali. Amma lissafin da ke cikin hannun da kake ta surutu a kansa lissafi ne na gaske. John von Neumann, wanda yana cikin manyan masana lissafi na ƙarnin da ya wuce, shi da Oskar Morgenstern sun ware wa foka sashe guda a littafinsu na 1944, littafin da ya kafa ilimin nazarin dabarun hamayya da masana tattalin arziki ke karantawa har gobe. Tun da kun ce garinku birnin ilimi ne, zauna in yi maka darasi kyauta.

Bari in fara da dokar wasan, don na lura ka tsallake ta ka hau sharhi. Kati 52 ne, gida huɗu. Gida ɗaya ne zai dame mu yau, baƙin nan mai kama da kan mashi, sai mu riƙa ce masa gidan mashi. A irin fokar da ake kira Texas Hold'em, ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiyar tebur waɗanda na kowa ne: uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. Bayan kowace shimfiɗa ana magana. In ba wanda ya zuba kafin kai, ko ka zuba, ko ka ƙwanƙwasa tebur ka ce a wuce. In an zuba, ko ka amsa daidai, ko ka ƙara, ko ka yar da katinka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Tagwai, wato kati biyu masu lamba ɗaya, sun fi ba komai. Tagwai biyu sun fi tagwai, uku sun fi su, jerin lamba biyar ya fi uku, 'yan gida ɗaya biyar kuma sun fi jeri. Iyakar abin da kake bukata ke nan.

Wurin Binion's Horseshoe ne a Las Vegas, watan Mayu. Mutum biyu suka rage. Chris Moneymaker akanta ne daga jihar Tennessee, ɗan shekara 27, wanda ya ci kujerarsa ta wasan intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba. Farha kuwa haifaffen Labanon ne mazaunin Houston, tsohon hannu, da sigari a baki wanda ba ya kunnawa. Na ɗaya zai tafi da dala miliyan 2.5, na biyu miliyan 1.3. Kwabban robar da ake wasa da su gaba ɗaya miliyan 8.39 ne, akanta yana ɗan gaba kaɗan.

Moneymaker ya ɗaga katinsa ya ga sarkin mashi da bakwai ta zuciya, ya zuba 100,000. Farha yana riƙe da sarauniyar mashi da tara ta zuciya, ya amsa. Na san a nan ka kamu da son Farha. Sarauniya ka gani a hannunsa, ku kuwa tun zamanin Amina in kuka ga sarauniya sai gwiwa ta yi sanyi. Ga shi kuma a bakinku sarki da sarauniya duk "ya zo" ne, to ina za ka tuna cewa a kati ɗaya ya fi ɗaya?

Aka shimfiɗa uku: tara ta mashi, biyu ta daimon, shida ta mashi. Farha ya samu tagwan tara, mafi girman tagwan da teburin ya bayar, ga sarauniya tana dafa musu baya. Akanta ba shi da komai sai sarki tilo. Mu da muke ganin katin duka biyun muna iya ƙirgawa: kati 45 ne a ɓoye, biyu za su fito, hanyoyin fitowarsu 990, a cikin 183 kaɗai Moneymaker zai ci. Wato kashi 18 da ɗoriya cikin 100. Farha ne zai fara magana, sai ya ƙwanƙwasa tebur.

Ka ce nan ya fara wauta. Ban yarda ba. Wanda ya ƙara kuɗi kafin shimfiɗa shi ake sa ran zai sake zubawa, ko yana da abu ko ba shi da shi, saboda haka a bar masa hanya ya zuba sannan a ɗora masa, wannan tsohuwar dabara ce, kuma mai kyau. Tarko Farha ya ɗana. Abin da ya faru kawai, tsuntsun bai sauka ba. Moneymaker, wanda shi ke magana daga ƙarshe, shi ma ya ƙwanƙwasa, ya ga kati na huɗu ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ribar zama na ƙarshe ke nan: ka ji ta bakin abokin karawarka kafin ka buɗe naka. Kuma kowane "a wuce" yana da farashi, farashinsa shi ne katin da ka bari wani ya gani a ɓagas.

Katin da ya gani ɗin kuwa takwas ce ta mashi. Duba teburin yanzu: tara, biyu, shida, takwas, uku daga ciki 'yan gidan mashi. Bakwan da ke hannun akanta ta haɗa shida, bakwai, takwas, tara, saura biyar ko goma jeri ya cika. Sarkinsa na mashi ya zama na huɗu a gidan, saura ɗaya. Ɗauko fensir, Bazazzagi, in dai ba aron sa za ka yi ba. Mashi takwas ne suka rage a ɓoye, kowanne ya fito duka biyun za su cika gida, amma sarki ya danne sarauniya. Biyar guda uku da ba na mashi ba, goma guda uku da ba na mashi ba, sai sarakuna uku da za su ba shi tagwan da suka fi tara. Takwas da uku da uku da uku, 17 ke nan, cikin kati 44. Kusan kashi 39 cikin 100. Kati ɗaya ya ninka masa rabonsa har da ƙari.

Farha ya zuba 300,000 a kan tulin da bai wuce 210,000 da komai ba. Zubi ne mai nauyi, kuma daidai ne. Teburin ya zama mai haɗari, akwai hannaye da yawa da ya fi waɗanda za su biya don su ga kati na ƙarshe: mai mashi ɗaya, mai bakwai, mai tagwan takwas ko shida. In za su gani, su biya da tsada. Sai akanta ya mayar da shi 800,000.

Wannan ƙarin burga ce, amma burga mai madafa. Hanya biyu yake da ita ta ci. Ko Farha ya tsorata ya yar yanzu, ko ya amsa kati na biyar ya zo da ɗaya daga cikin 17 ɗin nan. Mai burga da hannu wofi hanya ɗaya gare shi, in aka amsa ya mutu. Shi ya sa gwanaye suka fi son yin burga tun da sauran kati a gaba, da hannun da yake iya girma. Kuma sarkin mashin nan yana wani aikin a ɓoye: tun da yana hannun Moneymaker, to ba ya hannun Farha, saboda haka ɗaya daga cikin manyan hannayen da za su iya tsaya masa ya ragu.

To a nan, a kati na huɗu, nake ganin Farha ya yi sakaci, ba a na biyar da kake ta kumfar baki a kai ba. Zaɓi uku ne a gabansa. Ya yar, in ya gaskata cewa yaron ya cika gida. Ya tura duk abin da ya mallaka, in ya gaskata cewa yaron nema yake yi. Ko ya amsa. Da ya tura duka, da Moneymaker ne zai shiga uku, don sai ya sa wajen miliyan 2.8 a kan tulin miliyan 4.6, ba tagwai ko ɗaya a hannunsa, kuma bai san ko mutumin ya riga ya cika gida da babban kati ba. Da wuya ya amsa. Farha sai ya zaɓi na tsakiya, ya biya ƙarin 500,000. Amsawa ba laifi ba ce, in dai ka riga ka yanke wa kanka abin da za ka yi in kati na biyar ya zo bai canza komai ba. Wanda ya amsa a nan tamkar mai saye ne da ya ajiye kafin alƙalami a Kantin Kwari: ya ga yadin, ya taɓa, ya yarda. In ya dawo gobe ya tarar yadin nan dai shi ne, farashin da ya san za a faɗa shi aka faɗa, sannan ya juya ya bar kuɗinsa, to ba yau ya yi kuskure ba, jiya ne.

Za ka ce ai yana da sarauniyar mashi, yana fatan cika gida, shi ya sa ya biya. Haka ne, kuma wannan ne wurin ban tausayin. Fatan da ya biya wa kuɗi shi ne abin da zai hallaka shi. Da mashi ya fito, da ya cika gida da sarauniya ya ci karo da sarki. Wanda ya ƙara maka kuɗi a tebur mai mashi uku, sau da yawa ko ya riga ya cika, ko yana riƙe da babban mashin da ya fi naka. Allah ne ya rufa masa asiri mashin bai zo ba.

Abin da ya zo uku ce ta zuciya. Ba ta cika wa akanta komai ba. In ka cire mai riƙe da huɗu da biyar, ko mai uku biyu, ba wanda wannan katin ya yi wa wani amfanin kirki. Tuli ya kai miliyan 1.8. Farha ya ƙwanƙwasa tebur.

Na ji ka ce da ya zuba a nan da ya rufe bakin yaron. Saurara, don wannan ne jigon maganar. In kati ya ƙare, ba sauran mai nema, tambaya biyu kaɗai mutum zai yi wa kansa kafin ya zuba. Akwai hannun da na fi wanda zai biya ni? Akwai hannun da ya fi ni wanda zai gudu? In amsar duka biyun a'a ce, zubawa asara ce zalla. Gwada da Farha. Mai neman mashi da bai samu ba ba zai biya ba, yarwa zai yi, kuma da ma an fi shi. Wanda ya cika gida ko jeri ba zai gudu ba, ƙarawa ma zai yi. Zubin Farha zai kori waɗanda yake ci, ya tara waɗanda suke cin sa. Hannu matsakaici wucewa yake yi, ya bar wa maras komai fili ya yi ƙarya, sannan ya kama shi. Ƙwanƙwasawarsa daidai ce, in dai da niyyar kamun aka yi ta.

Yanzu koma kujerar akanta. Sarki tilo gare shi. In ya ce a wuce, za a buɗe kati, kuma duk wanda ya biya 800,000 a kati na huɗu kusan tabbas ya fi sarki tilo. Wucewa a gare shi sallama ce. Tambaya ta farko, a'a. Tambaya ta biyu, e: tagwan tara, tagwan takwas, duk sun fi shi, kuma duk suna iya gudu. Abin da von Neumann ya nuna ke nan a ƙaramin samfurin fokar da ya warware da alƙalami: ka zuba da mafi kyawun hannayenka, ka zuba da mafi muninsu, na tsakiya ka wuce. Mutane suna ɗaukar burga halin 'yan iska ne, shi kuwa ya nuna cewa wanda ba ya burga sam ba mai biyan sa ranar da ya samu babban hannu, don kowa ya san shi.

Saura nawa zai zuba. Da ya sa 600,000, Farha zai biya 600,000 don ya ci tulin da zai zama miliyan 3, wato in yana da gaskiya sau ɗaya cikin biyar ma ya wadatar. Ko kai za ka amsa wannan, bayan ka yi istihara. Sai Moneymaker ya ce duka. Abin da ya rage wa Farha wajen miliyan 2.8 ne, kuma shi ke nan ransa a gasar. Lissafin ya koma haka: zai sa 2.8, tulin ya zama 7.4, saboda haka sai in yana cin irin wannan hannun sau 38 cikin 100 amsawa za ta biya kanta. Shi ma akanta ba a banza ya samu ba. Ya jefa 2.8 don ya ci 1.8, wato sai burgar ta yi aiki sau 61 cikin 100 kafin ta zama riba. Da aka amsa masa, da bai fi kwabban miliyan ɗaya za su rage masa ba.

Ka ce kai da ka kalli idonsa ka gane. Wane idon? Yaron baƙin tabarau ne a fuskarsa, da hular hana sallah, ya toshe baki ya ƙame. Kuma ga abin da zai ba ka haushi: Farha ya gane. Ya daɗe yana juya kwabbansa, yana jan yaron da magana, har ya faɗa da bakinsa cewa yana zargin gidan mashi ya nema bai samu ba. Ya faɗi gaskiyar abin da ke hannun abokin karawarsa, sannan ya yar da katinsa. Ashe ba ganewa ce ta gagare shi ba. Tsakanin "ina zargi" da "na sa dala miliyan 1.2 a kan zargina" akwai tafiya mai nisa, ta fi Zariya zuwa Kano a motar da ba ta da birki.

In ka natsu ka duba, yana da hujja ta kowane ɓangare. Hujjar amsawa ita ce wucewar da akanta ya yi a katin farko. Wanda yake da tagwan da suka fi tara, ko tara da babban kati, yawanci zubawa yake yi a tebur irin wancan, haka ma mai mashi biyu sau da yawa. Shirunsa na farko ya rage yawan manyan hannayen da zai iya riƙewa, ita ma sarauniyar mashin da ke hannun Farha ta ƙara rage su. Sannan yaron ba matsoraci ba ne, a gasar nan shi ya fitar da Johnny Chan, zakaran 1987 da 1988, ya kuma fitar da Phil Ivey a matsayi na goma. Hujjar yarwa kuwa ita ce bakwai da biyar, ko goma da bakwai, waɗanda takwas ɗin nan ta cika musu jeri, kuma su ne ainihin hannayen da za su yi shiru da farko su farka a kati na huɗu. Ga kuma abin da tsofaffin 'yan wasa suka daɗe da sani: sabon shiga ba ya cika tura duk abin da ya mallaka a kan ƙarya, balle a dare irin wannan.

Akwai kuma hujja ta uku, wadda nake jin ita ta yanke hukuncin, ita ce girman kai irin na gwani. In Farha ya yar, yana da kashi ɗaya cikin uku na kwabban gasar. In ya amsa ya ci, yana da kusan kashi 88 cikin 100. In ya amsa ya faɗi, ya tashi. Ga mutum biyu masu ƙarfi ɗaya, lissafin nan yana komawa kan 38 ɗin da na faɗa maka. Amma wanda yake ganin ya fi abokin karawarsa nesa ba kusa ba, yana ɗaukar kashi ɗaya cikin ukunsa ya fi haka daraja, don yana ganin zai tsince yaron a hankali ba sai ya sa wuyansa a hannu ɗaya ba. Wannan tunanin ya kamata ka gane shi, ku da kuke ganin duk wanda bai yi karatu a Zariya ba bai gama sauke Baƙara ba.

Ra'ayina, tun da ba ka tambaya ba: amsawa ta fi, amma da ɗan rinjaye, kuma ba don dalilinka ba. Ta fi ne saboda shirun katin farko, da kuma saboda wanda ya biya a na huɗu bai kamata uku ta zuciya ta kore shi ba. Kai kuwa dalilinka ɗaya ne, ka ga sarki da bakwai a ƙasan allon talabijin, har da kashi nawa cikin ɗari an rubuta maka. Ƙaramar kyamarar da ke leƙa katin 'yan wasa ita ta mayar da kai malami. Wani shiri a Birtaniya ya yi amfani da irinta tun 1999, tashar ESPN kuma ta nuna gasar 2003 da ita, shi ya sa duniya ta rikice da wasan, har masu shiga gasar suka kai 8,773 a 2006. Rabin waɗanda suka ruga can irinka ne, sun ga katin kowa daga falo sun ɗauka hikimarsu ce. Rufe ƙasan allon da littafi ka sake kallo, in ka kai kati na huɗu ba ka yi salati ka yar ba, ni zan kawo maka goro har Ƙofar Doka.

Batun karanta fuska kuma, an riga an kashe shi. A watan Janairu na 2017, a birnin Pittsburgh, wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown na jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararru huɗu a irin wannan wasan na mutum biyu, hannu 120,000 cikin kwana 20, ta lallasa su. Ba ta da ido, ba ta ganin gumin kowa, ba ta san wane ne ke haɗiyar yawu ba. Amma tana burga, tana kuma zuba abin da ya ninka tuli, irin zubin da akanta ya yi. Abin da take yi shi ne gauraya gaskiya da ƙarya gwargwadon girman zubin. A zubi irin na wancan dare, in cikin kowane 100 da ka tura duka 38 ƙarya ne 62 gaskiya, to abokin karawarka ko ya amsa ko ya yar duk ɗaya ne, ba shi da mafita. Ba a tambayar me ke hannunsa yau, ana tambayar waɗanne hannaye ne duka za su biyo wannan hanyar, kuma nawa daga ciki na fi. Farha ya tsaya yana neman amsar a fuskar mutum mai tabarau.

Bari in ƙarasa maka labarin, don na san bidiyon da aka turo maka a nan ya yanke, kai kuma ba za ka sayi data ka nemi sauran ba. Ba a jima ba aka sake rabo. Farha ya samu J da goma, akanta ya samu biyar da huɗu. Aka shimfiɗa J, biyar, huɗu. Farha ya sake samun mafi girman tagwai a tebur, kamar ɗazu. Akanta kuwa tagwai biyu. Sai ya ƙwanƙwasa tebur, wato tarkon nan da Farha ya ɗana masa ɗazu bai kama ba, shi ya juyo masa da shi. Wannan karon tsuntsun ya sauka. Farha ya zuba, aka ƙara masa, ya tura duk abin da ya rage, aka amsa nan take. Takwas ta fito, sannan biyar, akanta ya haɗa biyar uku da huɗu biyu, gasa ta ƙare.

Ka lura da abin da Farha ya yi a hannun ƙarshen? Shawararka ya bi. Ya riƙe babban tagwai, bai ƙifta ba, bai ji tsoron yaro ba, ya tura. Da kana bayansa a daren nan da ka tafa masa, ka raka shi har ƙofa yana ɗauke da kuɗin na biyu, kana ce masa ai hannun farko ne ya kamata ya yi haka, na biyun kuma da ya yar. Ka gaida mutanen Tudun Wada, ka ce musu ubangidanka ya ce su daina ba ka shayi bashi har sai ka kawo lissafin 17 cikin 44 a rubuce, da hannunka, ba na ɗalibanka ba.